Zamzam Ba Ruwa Ba Ne

Duk wanda ya san Wada a unguwar Rusaifa da ke Makka ya san shekararsa kashi biyu ce: watannin da yake shirin tafiya, da watannin da yake ba da labarin tafiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana jagorantar ayarin 'yan sa kai daga Makka zuwa ƙauyukan Damagaram a ƙasar Nijar, likitocin ido da ma'aikatan jinya da ke ɗaukar hutunsu su je su cire wa talakawa yanar ido kyauta. Shi kansa ba likita ba ne. Magatakardan asibiti ne da ya yi ritaya, ko allura bai iya ba, jini ma in ya gani sai ya nemi wurin zama. Amma shi ke neman biza, shi ya san direban da ba ya gyangyaɗi a kan sitiyari, shi ke zama gaban mai gari ya yi gaisuwar da ta dace har ta ƙare. Sama da duka, shi ne tafinta. Yaran Makka na yanzu, ko da jikokin Hausawa ne, Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba.

Tasa Hausar a bakin kakarsa ya tsince ta, wadda ta taso daga Damagaram da ƙafa, ta ratsa Chadi da Sudan, ta rasu a wani ɗan ɗaki a unguwar Jarwal ba ta sake ganin gida ba. Shi ya sa in ya buɗe baki a ƙauye sai tsofaffi su bushe da dariya, su ce wannan ai maganar iyayensu ce da suka daɗe a ƙasa. Ɗan Makka suke kiransa. A nan gida, tsoho ne kamar kowane tsoho, ba mai tashi ya ba shi kujera. A can kuwa gari guda ke fitowa bakin hanya ya tarye shi. A faɗi gaskiya, Wada yana son aikin don Allah, yana kuma son wannan taryar, kuma bai taɓa zama ya raba su ba.

Tafiyar bana Kalgon Rafi suka je, kwana biyar, ido ɗari da arba'in. A cikin ayarin akwai sabuwar likita, Raghad, 'yar amininsa marigayi Talal, wadda ta girma a gabansa a unguwar Tandabawi. Shi ya yi ta zarya gidansu har mahaifiyarta ta yarda ta bar ta ta je. Ranar ƙarshe aka ware wa tsofaffin matan da suka ƙi namiji ya taɓa musu fuska, su ashirin da uku, kuma Raghad ce ta yi musu duka, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Washegari da aka kwance audugar, wata tsohuwa mai suna Ɗaso ta kama haɓar likitar ta juya ta hagu da dama, ta ce ashe yarinya ce ƙarama. Raghad ba ta ji abin da ta ce ba sai da Wada ya fassara, ta yi dariya har da hawaye.

Mako uku da dawowarsu labari ya iso. Kabira, ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ɗan asibitin ƙauyen, ita ta kira. Mata tara idonsu ya kumbura yana zubar da mugunya. Ba su zo da wuri ba, sun zauna gida suna jiran sauƙi, da aka kai su birni kuma an makara. Biyu aka ceto. Bakwai idon ya tafi, kuma huɗu daga cikinsu, har da Ɗaso, dama shi kaɗai ya rage musu. Duk taran daga teburin Raghad suka fito. Cikin mutum ɗari da wani abu da ɗayan likitan ya yi wa aiki, ko guda bai yi ƙorafi ba.

Ba wanda ya ce wa Raghad ke ce. Ba a buƙatar a faɗa. Majid, shugaban ƙungiyar, ya ce za a zauna a duba lamarin, manya kuma suka riƙa cewa a ƙasan murya an yi gaggawar kai yarinya. Raghad ta nemi hutu daga ɗakin tiyata a asibitin da take aiki. Mahaifiyarta ta gaya wa Wada cewa wuni take a ɗaki tana maimaita ranar nan a kanta: sau nawa ta canza safar hannu, wace wuƙa ta ɗauka bayan wacce, ko tukunyar dafa kayan aiki ta kai zafin da ya kamata. Ta kasa gano inda ta kuskure, wannan kuma shi ya fi cin ta.

Saƙon Kabira na biyu da safe ya shigo, Wada na zaune yana jiran shayi. Saƙon murya ne mai tsawo. Ta ce hankalinta bai kwanta ba, don haka ta bi matan gida gida tana tambayar me suka sa wa idon ban da maganin ɗigawa da aka ba su. Kowacce ta rantse ba ta sa komai ba. Sai a gidan Ɗaso ta hango wata 'yar gorar roba a rataye sama da gado, an naɗe ta da tsumma mai tsabta, ruwan ciki ya yi kore.

"Alhaji, Zamzam ɗin da ka ba su ne," in ji muryar Kabira. "Kowacce da ta koma gida, dangi suka taru, kowa na son kurɓa ɗaya. Sai ta sirka shi da ruwan rijiya don ya yi auki. Ya ragu, ta sake sirkawa. Wata ma da ruwan tafki. Shi suke ɗigawa a idon safe da yamma. Na ce da Ɗaso, Inna, ba an ce kada ruwa ya taɓa idon ba? Ta ce ai ba ta sa ruwa ba, ko alwala ma kewaye idon take yi. Ta ce Zamzam ba ruwa ba ne."

Wada ya ajiye wayar a kan cinyarsa. Ya tuna komai, don ba abin da ya manta, kawai dai bai taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. Jarka guda ya tafi da ita a cikin kayansa. Ba za ta ishi mutum ɗari da arba'in ba, sai ya ɓoye ta har ranar da aka kwance audugar, don tsofaffin nan da suka yi masa kama da kakarsa. Raghad ta tsaya ta faɗi ƙa'idodi da Larabci, shi kuma ya mayar da Hausa, ya ɗaga yatsa ya nanata sau uku: kada ruwa ya taɓa idon nan har mako biyu. Likitar na juya baya ta shiga haɗa kaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsiyaya musu a 'yan goruna, yana cewa ga tsarabar Makka, Allah ya sa albarka, Allah ya ƙara lafiya. Sun karɓa da hannu biyu, wasu suna kuka.

Yana cikin wannan tunani matarsa Rakiya ta wuce ta gabansa da buta, ta karkata jarkar da ke bakin ƙofar kicin ta cika ta. Zamzam ne. Da shi suke shayi, da shi suke dafa shinkafa in ruwan famfo ya ɗauke, da shi jikoki ke haɗiye maganin zazzaɓi. Mutumin da aka haifa tafiyar ƙafa daga rijiyar Zamzam ya san darajarsa, amma a bakinsa sunansa moya, wato ruwa, kamar yadda duk ɗan Makka ke faɗa. Shekara goma sha ɗaya yana taƙama ya san mutanen nan ciki da waje, bai taɓa kawo wa ransa cewa kalma ɗaya tana nufin abu biyu tsakaninsa da su ba.

Ya yi abin da ya kamata, rabi. Nan take ya aika wa Kabira cewa ta bi duk gidaje ashirin da uku ta karɓe gorunan, ta ce shi ya aiko ta. Sannan ya ƙara da murya ƙasa ƙasa, ko da yake ba mai jin sa, cewa maganar ta tsaya tsakaninsu tukuna har ya ga yadda zai ɓullo mata. Da amsar Kabira ta zo, kalma biyu ce: "To, Alhaji."

Ƙungiyar tana da doka cewa ba mai ba majiyyaci komai, na ci ko na sha ko na shafawa, in ba likita ya ce ba. Wada ya san dokar sarai, don shi ya rubuta ta da hannunsa shekara takwas da suka wuce, bayan wani ɗan sa kai ya raba wa masu ciwon suga dabino. Ya kuma san abin da aka yi wa wancan, don shi ya tsaya kai da fata sai an cire shi. In ya yi magana, tafiya ta ƙare masa. Zai koma tsohon da ke zama a ƙofar shagon maƙwabci bayan la'asar yana kallon motoci. Kuma labari zai kai Kalgon Rafi da duk ƙauyukan da ke kewaye, cewa Ɗan Makka ne ya makantar da mata bakwai da tsarabarsa.

Sai ya shiga yi wa kansa huɗuba, kuma mutum in yana neman hujja ba ya rasawa. Idon da ya tafi ba zai dawo ba, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Raghad yarinya ce, tana da shekaru a gaba, za ta warware. Ba a ma tabbatar Zamzam ɗin ne ba, wa ya auna? In aka cire shi wa zai riƙa kai likitoci, mutum nawa za su zauna da yana a ido saboda babu tafinta? Wannan ta ƙarshe ita ya fi riƙewa, don ta fi kama da tsoron Allah.

Ran Juma'a ya je Harami kamar kullum. Bayan salla ya tsaya kusa da randunan Zamzam, ya ga wani tsoho baƙo, daga ganin shigarsa mutumin ƙasar Hausa ne, ya sha kofi guda, ya zuba sauran a tafin hannu ya shafe fuska, ya buɗe ido da yatsa biyu ya ɗiga. Wada ya ga irin wannan sau dubu a rayuwarsa. Sau dubu, a gabansa, a garinsu. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya fasa, ya fita da ƙishirwarsa.

Sau biyu ya je Tandabawi a cikin kwanakin nan, don in bai je ba za a ce me ya faru. Ya zauna a falon marigayi Talal, aka kawo gahawa, Raghad ta fito ta rame har zoben hannunta na juyawa. Ya ce mata ta yi haƙuri, ƙaddara ce, duk likitan da ya daɗe yana aiki ya gamu da irin wannan. Ya ja mata aya. Ya ce mahaifinta da yana raye da haka zai gaya mata. Ta ce na gode, Ammi, wato baffa, yadda take kiransa tun tana rarrafe. A zuwa na biyu har ta ce kalamansa ne kaɗai ke ɗan sanyaya mata rai. Ya sauko daga benen yana jin kansa kamar wanda ya ci abinci a gidan da ya yi wa sata.

Ranar kwana na goma sha shida da jin saƙon Kabira abu biyu suka same shi kafin azahar. Mahaifiyar Raghad ta kira Rakiya tana kuka, ta ce yarinyar ta rubuta takardar barin aikin tiyata gaba ɗaya, kuma ran Alhamis a zaman ƙungiya za ta tashi ta ce laifinta ne, don kada a hana wasu tafiya saboda ita. Sai kuma ga saƙo daga Kabira. Ta ce ba ta da abin cewa, Ɗaso ce ta sa aka jawo ta har asibiti ta ce lallai sai an aika wa Ɗan Makka muryarta. Wada ya saurara sau ɗaya. Ya sa hula ya ɗauki makullin mota, ya fita Rakiya na tambayar ina zuwa da tsakar rana haka.

Raghad ce ta buɗe masa ƙofa. Bai jira gahawa ba, bai ma gama zama ba ya fara. Da Larabci ya faɗa, harshen da ba zai iya ɓuya a bayansa ba a gabanta: jarkar, gorunan, ruwan rijiya, abin da Kabira ta gano. Ya ce hannunta lafiya lau, kayan aikinta lafiya lau, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ya zaci za ta yi kuka, ko ta yi hamdala. Ta dai zauna a hankali a kujerar da ke fuskantarsa, ta daɗe tana kallon hannuwanta, ta juya su ciki da baya. Sannan ta ce tana son jin saƙonnin da kunnenta.

Ya kunna na Kabira. Ta karkata kai tana saurare, ta kama kalma nan, ta rasa goma can.

"Fassara mini," ta ce. "Duka. Kamar yadda ka saba."

Haka ya zauna ya yi aikinsa. Ya kunna jimla ya tsayar, ya mayar da Larabci, ya sake kunnawa. Bai taɓa yin tafinta mai wuya kamar wannan ba, kuma bai taɓa yin wanda ya kai shi daidai ba. Da suka gama na Kabira ta nuna na ƙasa da yatsa, ta ce wancan fa. Ya ce na Ɗaso ne, gaisuwa ce kawai. Ta ce shi ma.

Muryar tsohuwar ta cika falon, a shaƙe, tana ɗaga ta kamar mai kiran wani a gona. Ta gaishe shi, ta gaida iyalinsa, ta gaida mutanen Makka baki ɗaya. Ta ce kada ya sa damuwa a ransa, shi ya yi iyakar yinsa. Wada ya tsayar a nan, ya fassara. Raghad ta ce ci gaba.

"Ta ce," ya fara. "Ta ce yarinyar nan likita hannunta bai gama nuna ba, amma a gaya mata sun yafe mata, duniya da lahira. Ta ce Kabira ta zo ta ƙwace musu gorunansu, ba su san dalili ba. Ta ce in zan dawo in taho da mai yawa, don tana ganin da bai yi kaɗan ba da idon ya tashi."

Raghad ta rufe baki da tafin hannu. Da ta sauke hannun, ba ta kalli fuskarsa ba, wayar ta kalla, inda kwanan wata ke rubuce a saman saƙon Kabira.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana goma sha shida."

Ya ga tana lissafi, ya ga lokacin da ta iso inda za ta iso.

"Ranar da ka zo ka ce ƙaddara ce," ta ce a hankali. "Ranar da ka ce Baba da yana raye haka zai gaya mini. Ka sani."

Ya ce ya sani. Ya so ya ƙara wani abu, tsoro, tsufa, shekara goma sha ɗaya, amma duk wanda ya ɗauko sai ya ji ba zai faɗu a ɗakin nan ba. Ta ce Zamzam ɗin kuskure ne, kowa na iya yi, da a ranar ya zo da shi da sun zauna sun yi kuka tare. Kwanakin ne ba ta san inda za ta ajiye su ba. Ta ce ran Alhamis shi zai tashi a gaban Majid, ba ita ba. Ta ce kuma akwai mata bakwai da suka yafe wa wadda ba ta yi musu komai ba, ita ba ta da harshen da za ta gaya musu, shi ke da shi. Ta tashi ta buɗe masa ƙofa ta tsaya a gefe, kanta a ƙasa, har ya wuce.

Motar ta yi zafi kamar tanda. Bai kunna ta ba. Ya nemo sunan Kabira, ya danna ya riƙe. Ya ce mata ta tara su, su ashirin da ukun, da mai gari, da duk wanda ke son ji, ta kunna musu wannan. Ya yi sallama. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, bakwai ɗin, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi jiki, ya ja gaisuwar iyakar yadda za ta jawu, har ya ga ba sauran abin tambaya. Gumi na sauka cikin idonsa.

"Inna Ɗaso," ya ce, "ku mayar da yafiyarku, ba likita ke buƙatar ta ba. Ni Wada, da hannuna na ba ku abin da ya kashe muku ido."